Jakin da ya ƙi tsayawa: yadda muka kafe tiremolon wata jita a Gadarif

Ɗan yayata ya iso Gadarif, a gabashin Sudan, a ƙarshen Disambar 2023, cikin ayarin mutanen da suka baro Wad Madani, da jakar kaya ɗaya da jitar lantarki naɗe cikin bargo. Kafin Madani a Omdurman yake, inda ya yi shekaru yana kaɗa wa wata ƙungiyar makaɗan biki, har yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun shekarar ya watsa su. Ni sana'ata gyaran amfilifaya da lasifika da mikisa. Jita ba fannina ba ce sosai, sai dai duk abin da ke da waya a jikinsa a unguwarmu, ƙarshensa kan teburina yake kwana.

Bai fi wata biyu da zuwa ba ya samu shiga wajen wasu makaɗa na nan garin. Bukukuwa sun ragu, yawanci sun koma na cikin gida da rana, amma ko ba komai ana samun na cefane. Wata ranar Asabar ya shigo shagon ransa a ɓace, ya ɗora jitar kan tebur.

"Kawu, ba ta riƙe saiti. In na saita ta da mai ogan, kafin a gama waƙa biyu ta gudu. Jiya tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar ɗin duk suka haukace. Mai waƙa ya juyo ya ce mini nashaz a gaban mutane."

Nashaz ita ce kalmar da makaɗan Sudan ke jifan wanda sautinsa ya kauce, kuma ba ƙaramin zagi ba ce ga mai cin abinci da kunnensa. Abin da yake so a yi ya riga ya yanke shi tun daga gida: a cire tiremolon gaba ɗaya, wato jakin da ke lilo in an danna sandarsa, a sa masa jaki kafaffe. Ya ce bai taɓa amfani da sandar ba, ta ma ɓace tun a hanya.

Kafin in ci gaba, sunayen. Abin da tsirkiya ke hawa kai a jikin goge ko kukuma, Bahaushe jaki yake kiransa. Masu kaɗa udu a nan suna ce wa nasu faras, wato goɗiya. Ni da jakin na saba, shi zan riƙe. A jitar lantarki irin wannan, jakin faranti ne na ƙarfe mai ƙananan sirdi shida, kowace tsirkiya da nata. Ɗan farin abin da tsirkiyoyi ke ratsawa a can saman wuya, kafin su kai makullan ɗauri, Larabawa na ce masa anf, mu ma sai mu ce hanci.

Abin da ke cikin cikinta

Jitar ba ta da sunan kirki a goshi, ɗaya ce daga cikin kwaikwayon Stratocaster da suka cika duniya. Asalin samfurin Leo Fender ya fito da shi a 1954 a Kalifoniya ta Amurka, kuma shi ya laƙaba wa jakin suna tiremolo. A wajen masana kiɗa sunan ya karkace, domin tiremolo hawa da saukar ƙarfin sauti ne, abin da jakin ke yi kuwa hawa da saukar muryar sauti ne, wanda ake kira bibrato. Sunan dai ya riga ya bi shi.

Aikinsa kamar sikeli yake. A ƙarƙashin farantin akwai dunƙulen ƙarfe da ya ratsa jikin jitar ta wani rami har zuwa baya. Tsirkiyoyi suna jan saman jakin zuwa wajen wuya. A bayan jitar kuma akwai sifirin, galibi uku, wuri na ɗaukar har biyar, suna jan gindin dunƙulen, ɗaya bakin nasu a saƙale jikin wani ƙugiyan ƙarfe da aka ɗaure da dogayen sukuru biyu. Tsakanin jan sama da jan ƙasa, bakin farantin yana jingine da madogara: a tsohon samfuri sukuru shida ne, a sabon samfuri turaku biyu. Ta ɗan yayata mai turaku biyu ce. In jan tsirkiya da jan sifirin suka yi daidai, jakin yana reto a iska, gindinsa a ɗage kamar milimita 3 daga katako, mai kiɗa ya danna sanda sauti ya sauka, ya ja ta sauti ya hau.

Nauyin da ake magana a kai ba wasa ba ne. Tsirkiyoyi shida masu lambar kauri 10 zuwa 46, in an saita su yadda aka saba, Mi La Re Sol Si Mi, suna jan abin da ya kai kimanin kilo 46. Siririyar Mi kaɗai tana ɗauke da wajen kilo 7. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'auni a kasuwar riɗi ta garin nan ya san abin da zai faru in aka zare kilo 7 daga gefe guda: ɗaya gefen ya rinjaya. Sifirin su ja jakin baya, sauran tsirkiyoyi biyar su ƙara tsauri, duk muryarsu ta hau. Abin da ya same shi a wajen biki ke nan, kuma wannan ba lalacewa ba ce, ɗabi'ar kowane jaki mai reto ce. Haka in ya tura tsirkiya ɗaya da yatsa don ta yi kuka, sauran sai su ɗan sauka.

To amma gudun saiti bayan waƙa biyu, ba tare da tsinkewar komai ba, wannan wani ciwo ne dabam. Na ce masa ba zan taɓa katako ba sai na san inda ciwon yake, domin tiremolo ya saba ɗaukar laifin da ba nasa ba.

Da hanci na fara. Na saki tsirkiyar Sol, na sake ɗaure ta a hankali ina kallon na'urar saiti a wayarsa. Makulli na juyawa allura ba ta motsi, sai can aka ji ƙyas, ta yi tsalle ta wuce. Tsirkiyar maƙalewa take yi a tsagar hanci. Da na tambaya, ashe jitar da sirara masu lamba 9 ta zo, shi kuma a Madani masu lamba 10 ya samu ya sa, tsagar ta yi musu kaɗan. Na naɗe guntun sanfefa mai laushi a jikin tsohuwar tsirkiya na buɗa tsagar Sol da ta Re kaɗan, ba tare da na ƙara musu zurfi ba, na goga bakin fensir a ciki don santsi. Makulli biyu kuma notinsu ya kwance, na ɗaure. Sannan na nuna masa cewa naɗi bakwai da yake yi wa tsirkiya a jikin makulli ya yi yawa, biyu zuwa uku sun isa ga masu kauri. Wannan duk bai ci ko sisi ba, kuma a ƙiyasina ya kashe kusan rabin matsalar.

Sauran rabin yana nan. In na saita ta, na dafa jakin da tafin hannu na saki, ba ya komawa inda yake. Wani lokaci ya tsaya sama, wani lokaci ƙasa.

Gyara biyu da ba su yi ba

Hanya mafi sauƙi ta hana tiremolo motsi ita ce a kwantar da shi: a ƙara sifirin, a ɗaure sukurun ƙugiya har gindin farantin ya zauna daram a kan katako. Daga nan ko tsirkiya ta tsinke jakin ba shi da inda zai ja da baya. Ina da sifirin biyu da na cire daga wata matacciyar jita, na cika su biyar na ɗaure. Ya tafi da ita ya yi biki ɗaya lafiya. A na biyu ya dawo, yanzu kuma tsirkiyoyi masu kauri ne ke sauka, kuma sautin ya fara kaucewa in ya hau can ƙasan wuya.

Sai na koma ga hanya ta biyu, wato toshewa da katako. Ana yanka ɗan guntun itace mai tauri a cusa tsakanin dunƙulen ƙarfen da bangon ramin, a baya ko gaba da baya, ya zama ba shi da wurin lilo. Dabara ce tsohuwa kuma mai mutunci. Eric Clapton, shahararren makaɗin jita, haka yake yi wa nasa, har samfurin da kamfanin Fender ya fara fitarwa da sunansa a 1988 da guntun katakon yake zuwa. Kyawunta shi ne, ranar da mutum ya canza ra'ayi sai ya zare katakon. Ga jita mai lafiyayyen jiki, ni nan nake tsayawa, ba na ba kowa shawarar ya wuce haka.

Ina cikin gwada guntun katakon ne na kalli jakin ta gefe, na ga turken ɓangaren tsirkiya mai kauri ya sunkuya gaba. Na kwance tsirkiyoyi, na cire farin farantin robar da ke ɗauke da fikof uku, wato na'urorin da ke ɗauko sautin tsirkiya. A ƙarƙashinsa ga tsaga, siririya kamar gashi, ta taso daga ramin turken ta bi jijiyar katako har ta faɗa ramin fikof na baya. Itacen da ke tsakanin ramukan biyu bai fi kaurin yatsa ba, kuma irin farin itacen nan ne mai taushi da farce ke shiga. Mazaunin turken, wani ɗan bututun ƙarfe, da yatsa na girgiza shi.

A nan ne na gane ɓarnar da na yi da hannuna. Tsirkiya na jan jakin gaba ta sama, sifirin na jan shi gaba ta ƙasa, kuma duka jan biyu a kan turaku suke sauka. Da na ƙara sifirin na ɗaure su tamau, kaya na ƙara wa turken da ya riga ya gaji. Tsagar wataƙila a kan motar da ta kawo shi ta samu, amma ni na taimaka mata ta buɗe. Toshewa da katako ma ba za ta cece shi ba, don ko an toshe, bakin farantin na nan jingine da turakun. Da na cire farantin robar tun ranar farko da na huta. Sukuru ne kawai ba su kai goma sha biyu ba.

Na zare jakin gaba ɗaya na duba. Bakinsa da ya kamata ya zama mai kaifi kamar wuƙa inda yake haɗuwa da turke ya dakushe, ya yi kumburi, shi ya sa ba ya komawa mazauninsa. Dunƙulen kuma ba baƙin ƙarfe ba ne, irin sassauƙan ƙarfen zubi ne, ya ma tsage a ramin da sanda ke shiga.

Shawara a warshar Usta

Akwai wani dattijon kafinta a layinmu, Bahaushe ne da kakanninsa suka zauna a Maiwurno kafin mahaifinsa ya dawo Gadarif noma. Kowa Usta yake ce masa. Kabad da gadaje yake yi, bai taɓa taɓa jita ba, amma shi ne mutumin da na sani wanda in ya haɗa katako biyu sai ka nemi layin ka rasa. Muka kai masa gangar jikin, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya sa farce.

"Wannan ai ba itace ba ne, ɓargo ne," in ji shi. "Me kuke so a yi mata?"

Na shimfiɗa masa hanyoyi biyu. Ko dai a cike ramin turken da itace mai tauri a sake hudawa, a nemo sabon tiremolo mai tazarar turaku daidai da wannan. Ko kuwa a cike ramin tiremolon duka a ɗora jaki kafaffe. Ta farko ta fi ƙaramin aiki, sai dai tana bukatar kayan da zai dace da ramukan da ke akwai, kuma waɗannan kwaikwayon kowane da nasa awon. Shagunan kayan kiɗa na Khartum da ake dogara da su babu hanyar zuwa gare su. Ko an samu ma, za a sake jingina kilo hamsin da wani abu a kan siririn itacen nan ne. Jaki kafaffe kuwa kwance yake, sukuru da yawa sun raba nauyin, kuma a sabon katako za su shiga.

Usta ya dubi yaron. "Ɗana, ka san in na zuba gam babu kome? Gobe kada ka zo ka ce kana son abin lilonka."

"Baba Usta, tunda na saye ta ban taɓa lilo da ita ba."

Gaskiyarsa. Kiɗan da yake yi rakiyar mawaƙi ne a kan sautuka biyar ɗin nan na waƙar Sudan, gajerun bugu masu tsabta da ɗan amshi tsakanin baiti da baiti, layin da su Sharhabil Ahmed suka buɗe wa jitar lantarki a ƙasar nan. Ba ya bukatar sauti ya nitse ya taso. Abin da yake bukata shi ne La ɗinsa ta zauna daidai da ta mai ogan daga farkon biki zuwa ƙarshe. Ni ma na faɗa masa nawa: da jitar Fender ce ta asali, ba zan yarda ba, domin cike ramin yana karya darajarta a kasuwa. Wannan kuwa ba ta da darajar da za a karya sai ta aikin da take yi masa.

Jakin daga Jidda ya zo. Wani ɗan'uwanmu da ke can ya shiga shagon kayan kiɗa, muka yi kiran bidiyo, na sa shi ya ɗora rula a kan sirdin. Wannan awon shi ne inda mutane ke faɗawa rami. Akwai jakin da tazarar tsirkiyar farko zuwa ta shida milimita 56 ce, irin ta tsohon samfuri, akwai mai kimanin 52 da rabi. Wuyan jitarmu siriri ne, da mun ɗauki mai faɗin da tsirkiyoyin gefe sun riƙa zamewa daga bakin wuya. Muka ɗauki ƙaramin, tare da ƙananan kofuna shida na ƙarfe da ƙullin tsirkiya ke zama ciki ta baya. Wani mai dawowa ta jirgin ruwan Suwakin ya saƙo su cikin kayansa. Kafin su iso azumi ya kama, kuma hakan ya yi mana daidai, tunda babu biki sai bayan salla.

Aikin kansa

Katakon cikon daga ƙofar wani tsohon kabad Usta ya fitar da shi, maɗaci ne da ya yi shekaru a ɗaki. Ya ƙi sabon itace ƙememe, ya ce duk abin da bai gama shan iskar Gadarif ba zai motsa daga baya. Na kawo maganar bagaruwa, tunda ta fi tauri, ya ce taurinta ya yi wa wannan jikin yawa, ga nauyi, ga wuyar huda. Maɗaci kuwa dangin itacen da ake ƙera jita da shi ne tun asali.

Ramin tiremolo ba murabba'i ba ne, kusurwoyinsa a lanƙwashe suke, ga fenti a bangonsa, gam kuma ba ya kama fenti. Usta ya ɗauki kwana biyu da kurfi yana miƙe bangon har ya kai ga farin itace. Ya yanka ciko biyu, babba da zai shiga ta baya ya cike har mazaunin sifirin, da ƙarami da zai sauko ta sama ya zauna a kansa. Dukansu jijiyarsu ta bi tsawon jitar, yadda ta jikin take, saboda itace ta faɗi yake kumbura ya tsuke, in jijiyoyin suka gitta juna sai sun yi faɗa. Ya yi ta fiƙe su har suka riƙa shiga da dannawar babban yatsa, ba guduma, ba kuma girgiza. Ramukan turaku biyu ya zare bututunsu ya cike da zagayayyun sanduna na maɗacin, tsagar kuma muka ɗan buɗa ta muka tura gam ciki da sirinji.

Bayan sallar asuba muka yi liƙin. A zafin watan Maris farin gam na kafinta yana fara kamawa cikin 'yan mintuna, da rana kafin ka daidaita ciko ya riga ya ƙi motsi. Muka matse da ƙarfen matsewa, da guntayen katako a tsakani don kada fenti ya yi tabo, muka bar shi kwana biyu. Usta ya share saman har ya yi daidai da jiki.

Sanya jakin a mazauninsa shi ne wurin da milimita ɗaya ke da hukunci. Na mayar da wuyan na ɗaure. Ban yarda da abin da aka ce ba, na auna da kaina: daga bakin hanci zuwa firet na 12, wato sandar ƙarfe ta goma sha biyu a wuya, milimita 324. Ninki biyu 648, awon Fender ke nan na inci 25 da rabi. Na matso da sirdin siririyar Mi kusa da ƙarshen gabansa, na bar masa ɗan wurin motsi, na sa wurin da tsirkiya za ta hau shi a kan 648. Dalili shi ne kusan kullum baya ake jan sirdi in an zo daidaita sauti, siririya da kaɗan, mai kauri da milimita uku zuwa biyar. Wanda ya sa sirdin a tsakiya ya auna, zai iya ƙarewa da sirdin mai kauri ya kai bango bai kai inda ake so ba. Don tsakiya kuma, zare biyu na ɗaura daga tsagar hanci ta farko da ta shida zuwa sirdinsu, na riƙa gusa jakin har tazarar zare da bakin wuya ta zama ɗaya hagu da dama.

Ramukan tsirkiya shida dole su ratsa jiki a miƙe. Da injin huda na hannu, bakin yakan karkace a cikin itace, ka juya baya ka tarar da ramuka kamar haƙoran tsohuwa. Muka je wajen wani mai walda da ke da injin huda na tsaye. Na gefe biyu muka ratsa su gaba ɗaya da baki mai milimita 3, na tsakiya huɗu muka huda rabi ta sama, muka juya jikin, muka ɗora farantin jakin a kan ramukan gefen ya zama mana ma'auni, muka huda sauran rabin ta baya suka haɗu a ciki. Sannan aka buɗa bakinsu ta baya daidai kofunan.

Da na ɗaura tsirkiyoyi sai ga wata sabuwa: duk sun kwanta a kan firet, ko da na ɗaga sirdi har ƙarshen sukurunsu. Sabon jakin ya fi tsohon gajarta, tunda wancan a ɗage yake reto. Na sake kwance wuyan, a cikin mazauninsa na tarar da guntun kwalin sigari da wani ya taɓa saƙawa don wuyan ya ɗan kwanta baya. Na zare shi, tsirkiyoyi suka tashi, sirdi suka dawo tsakiyar tafiyarsu. Na bar tsayin tsirkiya kimanin milimita 1.6 a kan firet na 17, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gwada sautin firet na 12 da na buɗaɗɗiyar tsirkiya, wadda ta hau in ja sirdinta baya, wadda ta sauka in tura gaba.

Sai abin kunyar. Muka jona ta da amfilifaya, wani gurnani ya cika shagon. Fikof masu naɗi ɗaya dama sukan ɗauko ƙugin wutar lantarki, amma ka'ida in ka dafa tsirkiya ya ragu. Wannan ko gezau. A tsohon tsari wayar ƙasa, wadda masu wuta a nan ke kira ardi, a jikin ƙugiyan sifirin aka liƙe ta da dalma, daga nan ta bi sifirin zuwa dunƙule zuwa tsirkiya. Mun cire ƙugiya, mun binne ramin, wayar kuma na naɗe ta na tura cikin ramin maɓallan sauti na manta da ita. Ni da nake cin abinci da waya! Usta ya yi dariya har da tari, ya ce shi dai nasa ɓangaren bai yi gurnani ba. Dole na sake cire jakin, na huda siririn rami a karkace daga ƙarƙashinsa zuwa ramin maɓallan, na zaro wayar, na baza gashinta a kan katako, na kankare cikin farantin inda zai danne ta, na ɗaure. Na sa mita tsakanin tsirkiya da bakin soket, ta yi ƙara. Gurnanin ya koma yadda aka san shi.

A nan na ja masa kunne kan abin da ya fi saiti muhimmanci. Wayar nan tana haɗa hannunsa da jikin amfilifaya. A gidan biki da janareta, inda babu ardi na kirki, in amfilifaya ko mikisa na da matsala, mai riƙe da tsirkiya ya kai leɓe jikin makirufo yana iya shan wuta. Na ce kafin a fara ya riƙa gwadawa da abin gwajin wuta, in ya ga haske kada ya kaɗa.

Bayan salla

Ya yi bukukuwan Shawwal da ita. Abin da ya fara faɗa shi ne saiti ya zama na minti ɗaya, don da sai ya zagaya tsirkiyoyin sau uku ko huɗu, kowace ya ɗaure sauran su sauka. A wani biki Si ta tsinke ana tsakiyar waƙa, ya ƙarasa da biyar babu wanda ya juyo. In mawaƙi ya nemi a sauke saiti da rabin sauti saboda muryarsa ta gaji, yanzu abu ne mai yiwuwa a tsakanin waƙa da waƙa.

Akwai abin da ya rasa, kuma ya faɗa. Tsirkiyar ta ƙara tauri a yatsa, domin da in ya tura ta jakin yakan ɗan biyo shi, yanzu babu mai biyowa, ko da yake tafiyar da yatsa ke yi kafin a kai sautin ta ragu. Sannan akwai wani ɗan amo da sifirin ke yi a cikin jiki, kamar ana kiɗa a ɗaki mara kaya, wanda bai san yana jinsa ba sai da ya tafi. Shi yana cewa sautin ya ƙara tsawo. Ni na saurara ta lasifika ban iya rantsewa a kan haka ba, kuma na fi zargin sababbin tsirkiyoyi da sirdin da suka zauna daidai.

Fenti ba mu yi ba. Jakin ya rufe yawancin cikon sama, abin da ya leƙo ta bayansa Usta ya shafa masa baƙin bani, ta baya kuma maɗacin na nan a fili da kofuna shida a jere. Da damina ta sauka a watan Yuli iska ta jiƙe, sai wani siririn layi ya fito a gefe ɗaya na cikon baya, farce na jinsa. Yaron ya kawo ta a tsorace. Usta ya duba, ya danna, ya ce bakin bani ne ya rabu, itacen biyu kowane na shan ruwa gwargwadon halinsa, gam na nan. Na sa fensir na yi alama a ƙarshen layin biyu, na gwada sukurun jakin, ɗaya ya karɓi kwatan juyi, sauran ba su motsa ba. Na sake auna 648 ɗin, yana inda muka bar shi. Da kaka, ana tsakiyar yankan riɗi, ya sake kawo ta saboda maɓallin sauya fikof ya fara ƙarar ƙasa, na juya bayanta na duba: layin bai wuce alamar fensir ba.